Kujerar Auta

Kujerar roba ce ta haɗa su. Kafinta ya shigo kemis ɗin da Auta take aiki da yatsa naɗe a tsumma, zarto ya ɗan taɓa shi. Ita kuma ta juya za ta zauna ta rubuta masa magani, sai ƙafar kujerar ta baya ta karye, Auta ta kai ƙasa.

Wasu mata biyu da ke jiran magani suka toshe baki da mayafi. Kafinta bai yi dariya ba. Ya ɗaga kujerar, ya juya ta sama da ƙasa yana hararar ta.

"Wannan ai ba kujera ba ce," ya ce. "Faranti ne aka yi wa ƙafafu. Malama, ki yafe mata, ba ta da tarbiyya."

Auta, wadda hawaye ya riga ya cika wa ido, sai ta ji dariya ta kuɓuce mata. Da ta ɗago suka haɗa ido, shi ma ya manta da yatsan da ya kawo shi.

Bayan kwana kaɗan ya dawo ɗauke da benci na katako mai ƙafafu kamar na giwa. Daga nan kuma aka shiga wani zamani na haɗurra. Yau guduma, gobe ƙusa, jibi wai ƙurar katako ta shiga masa ido. Mutumin da ya shekara yana sana'a lafiya lau, ya zama ba ya wuce mako bai ji ciwo ba.

"Kai kuwa anya kafinta ne?" ta tambaye shi ran nan tana liƙa masa filasta.

"Da can dai kafinta ne. Yanzu majinyacinki ne."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Likitata, yatsan ya warke. Amma akwai wani ciwo a ƙirji ta hagu, yana tashi duk lokacin da kika yi murmushi. Wane magani za ki ba ni?"

Ta amsa: "A daina kallon murmushin."

"Gara ciwon," ya rubuto.

Auta ta daɗe ba ta yarda da gaske yake son ta ba. Tun tana ƙarama ƙiba take tare da ita, kuma ta san abin da ƙiba take jawo wa mace. Ba ta zama a kujera sai ta danna ta da hannu. A wurin taro tsayuwa take, ta ce ai ta gaji da zama. Matakalar asibiti kuwa sai ta huta a tsakiya, tana yi kamar waya take dubawa. A gida Mama, wadda ita ma jikin ke nan, ba ta iya faɗin so da baki ba, da ludayi take faɗa. In Auta ta yi kuka, "ƙara." In ta yi dariya, "ƙara." In ta ce ta ƙoshi, Mama ta ce ƙoshi ba ya hana loma ɗaya.

Ana cikin haka likita ya zaunar da Auta. Sukari ya hau, jini ya hau, numfashinta yana ɗaukewa cikin barci. Ta gwada rage ci, ta gwada tattaki, jikin ya sauka ya sake hawa. Likita ya kawo maganar tiyatar rage ciki, ta tafi ta yi nazari, ta amince.

Da ta gaya wa Kafinta, ya ajiye gudumar hannunsa, fuskarsa ta canza.

"Ni dai ban nema ba, Likitata. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta."

"Na sani. Ba don kai zan yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina so in hau bene ban tsaya ba, in kwanta ban ji tsoron barci ba."

"To Alhamdulillahi," ya ce a hankali. "Da don ni ne, da na hana. Tunda don ke ne, ni zan kai ki."

Shi ya kai ta kuwa, kuma a nan Mama ta ƙulle shi a ranta. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta. Yarinya tana zaune lafiya da jikinta, daga zuwan saurayi sai wuƙar likita?

Aiki ya yi kyau, amma jinya ba wasa ba ce. Farko ruwa kawai, shi ma kurɓi-kurɓi. Daga baya abinci mai laushi, cokali biyu ko uku, a tauna kamar ba za a haɗiye ba. Ba a ci a sha a lokaci guda. Gashinta ya riƙa bin mataji, sanyi ya riƙa kama ta da rana tsaka, fatar damtsenta ta saki. Wani lokaci ƙamshin girkin Mama zai shigo ɗaki, ta juya fuska bango ta yi kuka, don kewar abinci take kamar an raba ta da tsohuwar ƙawa.

Rannan Mama ta kasa jurewa. Ta zauna bakin gado da kwano, ta lallaɓa ta. "Loma ɗaya, Autata. Don ni."

Auta ta karɓa don kada ran Mama ya ɓaci. Ba a jima ba ta durƙusa tana amai, gumi yana keto mata. Mama ta riƙe kan Auta tana hawaye, kuma da yake laifi tudu ne, sai ta hango na Kafinta. Ta aika masa cewa kada ya sake tako ƙofar gidanta, maganar aure kuma babu ita.

Sai ga Injiniya, ɗan wata ƙawar Mama, wanda a da in ya ga Auta a hanya yake cewa a kauce ga tanka nan. Yanzu da jiki ya sauka, ya fara zuwa gaishe da Mama da turare a leda.

"Kin ga yadda kika yi kyau kuwa?" ya ce wa Auta. "Kamar ba ke ba."

"Ni ce," ta ce. "Tankar ce dai, an rage mata kaya."

Kafinta ya bi umarnin Mama, bai zo ba. Shirun ya dami Auta, har ta fara saƙa wani abu a ranta. Ta rubuta masa: "Ka faɗa mini gaskiya. Fatata ta saki, gashina ya zube. Ko waccan kake so, wannan ba ta yi maka ba?"

Amsa ta zo nan take: "Likitata, ni mutum ɗaya na sani, wadda ta yi dariya tana zaune a ƙasa. Ƙofar Mama aka hana ni, ba a hana ni ke ba. Kin sha maganin ƙarin jininki? Kin taka ƙafa yau?"

Ta karanta, ta sake karantawa, ta tashi ta zaga tsakar gida.

Da Mama ta ga saƙonni ba su tsaya ba, ta yafa mayafi ta nufi shagonsa da kanta. Ta iso tana haki. Kafinta ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga tana bin kujerun shagon da kallo, irin kallon nan da ya sani a idon Auta. Ya shiga ciki ya janyo wani abu lulluɓe da tsohon zane, ƙura ta yi masa kauri. Ya yaye.

Kujera ce mai hannu, faffaɗa, an sassaƙa mata furanni a jingina. Mutum biyu za su shige ta.

"Mama, bismillah."

Ta danna da hannu, ta zauna a ɗarare, tana jiran ta ji kukan katako. Shiru. Ta jingina a hankali, hannayen kujerar ba su matse ta ba.

"Wa ya ba ka wannan aikin?"

"Ba kowa, Mama. Ta ɗakinmu ce. Na yi ta tun kafin likita ya kawo maganar aiki, a kan jikinta na wancan lokacin. Ƙofar ɗakin ma na faɗaɗa ta."

"Yanzu ai ta yi mata yawa."

"Ba zan rage ta ba. In jikin ya dawo, wurinta yana nan."

Mama ta shafa katakon, ta ga fentin har ya fara dushewa. Wanda yake son a rage masa mata ba zai ɓata katako haka ba. Ta share ido da bakin mayafi.

"Rabona da in jingina a kujera mai hannu, tun ina amarya," ta ce. "Yaro, ni da abinci kawai na iya nuna mata so. Yanzu an ƙwace mini."

"Ba a ƙwace ba, Mama. Kwanon ne kawai ya ƙanƙance."

Ta harare shi tana murmushi. "To ka turo manyanka. Kuma ka auna ni, ni ma ina son tawa."

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Injiniya ya aiko da uzuri, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Bayan baƙi sun ragu, amarya da ango suka zauna a kujerar nan su biyu, har da ragowar wuri.

"Ka ga ɓarnar katako," ta raɗa masa.

"Ba ɓarna ba ce, Likitata. Ashe da ni na auna."

Mama ta shigo da wani ɗan ƙaramin kwano, abinci mai laushi da ta dafa da hannunta. Ta zauna gaban 'yarta tana kallon ta tana ci. Auta ta kai cokali na uku, ta dubi fuskar Mama, ta sake miƙa hannu don ta faranta mata.

Mama ta riƙe hannun, ta zare cokalin.

"Ya isa haka, Autata," ta ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Mama," suka amsa tare.