Tsarabar Sawakin

A shekarar da ake ta kai-komon karɓar mulkin kai, akwai wani gida a Nassarawa, can ƙarshen layin da itatuwan darbejiya suka yi wa rumfa, gidan wani Baturen gandun daji. A bayan gidan an jera ɗakuna uku masu rufin kwano, inda kukunsa Alhaji Zubairu yake zaune da tsohuwarsa Iya, da matarsa Mairo, da 'yarsu Binta mai shekara tara. Haihuwar Mairo biyar, Binta kaɗai ƙasa ta bar mata. Ko tuntuɓe yarinyar ta yi, sai uwar ta ji shi a ƙirjinta.

Alhajin sabo ne fil, bai cika wata biyu da dawowa ba. Da Baturen ya tafi dogon hutu ƙasarsu, Zubairu ya bi motar alhazai ta Maiduguri, ya keta Sudan, ya je ya sauke farali. Ya dawo da rama, da wani tari mai tono ƙirji, da labari buhu-buhu. Mairo ta ɗauka labarin Makka da Madina za ta sha, amma ina! Kullum zancensa Sawakin, garin bakin Bahar Maliya inda suka yi kwanaki suna jiran jirgin ruwa. Ya faɗi kasuwar garin har Mairo ta haddace: dabino tuli-tuli, busasshen kifi, gahawa a 'yan tukwane masu dogon wuya, da mutane masu tulin gashi da ke cinikin raƙumi ba ko murmushi. Ya faɗi tsohon garin da ke tsakiyar ruwa, benaye na farin dutse duk sun zama kangaye, ba kowa ciki sai kyanwoyi.

A ƙofar ɗaya daga kangayen nan ne ya ga wani ɓallin dutse fari, sumul, bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya tuna tsohuwarsa da ciwon sanyi ya hana taɓa ruwa, ya ce wannan ya yi taimama, ya jefa a jaka.

"Matan alhazai na ta fama da zani da turare," in ji Mairo ranar da ya kwance kaya, "mu tamu tsarabar dutse ce."

Iya kuwa ta rungume abinta. Sau biyar kullum tana shafa shi, tana sa wa ɗanta albarka.

Ranar da abin ya fara, ranar Laraba ce, da almuru. Mairo na tuƙin tuwo, Alhaji na can kicin ɗin Bature, Iya ta gyangyaɗa a kan buzunta. Binta ta samo ƙwallon aduwa, ta nemi abin fasawa ta rasa, sai ta lallaɓa ta ɗauko dutsen kakarta.

"Ke Binta, magariba ta kawo kai, shigo ɗaki!"

Kafin Mairo ta rufe baki sai ta ji ƙas. Gefen dutsen ya ɓantare.

Dama Mairo ba ta taɓa son shirun Nassarawa ba. A cikin birni ta tashi, inda taɓaryar maƙwabta ke tashinka, kukan ɗan wani ya raka ka barci. Nan kuwa ba maƙwabci sai shinge da karnuka. Amma shirun wannan yammaci dabam yake. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan darbejiya suka ɗauke gaba ɗaya, hayaƙin murhu ya miƙe sak. Ta je randa ta ɗebo ruwa za ta yayyafa wa tuwo, ta kurɓa, ta furzar. Ruwan da ta cika da hannunta daga famfo ya koma gishiri zalla.

Sai jifa. Dutse ya faɗo kan kwano, wani ya biyo, wani ya biyo, a hankali, kamar mai jifan ba ya gaggawa. Ta ɗauki ɗaya da ya gangaro tsakar gida, ta ji shi a jiƙe, yana ƙarnin kifi. Daga bayan shinge kuma wani sauti ya taso, irin na ruwan sama in ya doso ta cikin gonar dawa. Ya zo, ya koma, ya zo, ya koma, alhali sama tas take.

Alhaji ya iso da gudu da cokali a hannu. Ya tsaya ya kasa kunne, sai Mairo ta ga cokalin ya faɗi.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Teku ce," ya ce a hankali. "Haka take yi."

Kwana shida ana haka. Da rana ta faɗi a fara, da an kira lisha a ɗauke. Baturen ya leƙo da karensa, karen ya turje a bakin shinge ya ƙi gaba. Shi kuwa ya ce aikin yaran gari ne, in ba a daina ba kuku ya nemi wani wurin, ya juya abinsa. Wanda ya ƙoshi ai bai san ana yunwa ba.

Jifan ba shi ne ya karya Mairo ba. Binta ce. Yarinya mai surutu kamar kanari ta daina wasa, ta daina cin komai sai lasar gishiri. Da la'asar ta yi sai ta ɗauki dutsen ta je ta zauna a dokin ƙofar ɗakin Iya, ta fuskanci gabas, ta hana kowa shiga ko fita. Ubanta ya gwada ɗaga ta, kamar ya kama turmin da aka binne. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Mairo ta san wannan ramar, sau huɗu tana ganinta, kuma ta san inda take kaiwa.

Rana ta bakwai Alhaji ya hau keke ya tafi Hotoro, ya zo da Malam Shu'aibu. Wani guntun tsoho ne mai fama da ciwon ido, wanda in ka gan shi a hanya ba za ka ba shi ajiyar akuya ba, amma an ce ko mahaukacin da ke cikin mari ya ji muryarsa sai ya natsu. Ya yi alwala, ya sa aka kawo garwashi ya zuba turare, ya zauna daf da yarinyar ya fara karatu. Rana na gangarowa, karatu na tafiya, har inuwar shinge ta rufe tsakar gida. Can Binta ta juyo da kai. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Ya isa, Malam. Abin da kake karantawa ni ma shi nake karantawa."

Muryar tsohuwa ce, a dishe, tana jan Hausa irin ta baƙo. Iya ta fashe da salati. Mairo ta dafe bango.

"Baiwar Allah, wace ce ke?" in ji Malam.

"Ni mai tsaron gida ce. Hausarku ma a bakin alhazanku na tsinta, masu wucewa ta ƙofata."

"Wane gida?"

"Ya sani." Ta nuna Alhaji da haɓa. "Maigidan ɗan kasuwa ne. Ranar da zai shiga jirgi ya tsaya a dokin ƙofa ya ce, ke da ke cikin gidan nan, na bar miki amana, kwana arba'in zan yi. Jikokinsa ma yanzu sun zama ƙasa. Rufi ya rufta, bango ya zube, amma dutse ɗaya bai bar gidan ba sai da wannan ya zo da jakarsa."

"Wallahi ban sani ba," in ji Alhaji. "Kango na gani. Tsohuwata na tuna."

"Shi ya sa na yi shiru wata biyu. Tsohuwa na ambaton Allah a kansa, na ji kunya. Sai 'yarka ta fasa. An fasa mini, zan fasa muku."

Mairo ba ta san lokacin da ta zube a ƙasa ba. "Ki fasa ni! Ita kaɗai gare ni, ki dubi Allah!"

Malam ya ɗaga mata hannu, ya juya ga yarinyar. "Ke da kike riƙon amana, kin san alƙalami bai hau kan yaro ba. Za ki tsare dutse ki zubar da rai? Me za ki ce ranar tsayuwa?"

Sautin nan na bayan shinge ya zo, ya koma.

"To a mayar," in ji muryar.

"Za a mayar," Alhaji ya yi caraf. "Alhazan baɗi, akwai wanda na sani..."

"Hannun da ya ɗauka shi zai ajiye. Da ƙafarsa, a inda ya ɗauka."

"Mun ji," in ji Malam. "Sakar mana yarinya, ki bi dutsenki."

Sai bakin Binta ya yi wata dariya maras daɗi. "Alkawarin ɗan Adam? Wanda ya ce mini kwana arba'in ma mutumin kirki ne. Sai da jingina. Zan tafi da idonta."

"Ba ki isa ba," in ji Malam, ya koma karatu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, haɓo ya ɓalle mata, jini na ɗiga kan farin dutsen.

"Kana iya ƙona ni, Malam," muryar ta faɗa da ƙyar, "amma a cikinta zan ƙone. Na bar ido. Muryarta zan riƙe. Ranar da dutse ya zauna a mazauninsa, ranar za ta yi magana."

Malam ya tsaya. Ya daɗe yana duban jinin, sa'an nan ya dubi Alhaji. "Iyakar abin da zan iya ke nan ba tare da na cuce ta ba. Saura naka."

Alhaji ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi, ya duƙa yana yi har sai da ya dafa ƙasa. Mairo na kallonsa. Ita ke wanke tsumman da yake tofawa a ciki, ta san launin abin da ke fita. Ta san hanyar da ta mayar da ƙato haka ba za ta bar abin da ya saura ba. Ya ɗago ya dube ta, kuma da ta ce kada ka je, wataƙila da ya tsaya ya yi tunani. Ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya zame mata ciwo har ƙarshen ranta.

"Zan je," in ji Alhaji.

Binta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Sautin bayan shinge ya ja baya, ya ja baya, har ya ɓace. Aka kira magariba, ba a yi jifa ba. Yarinyar ta farka ta nuna tukunya da hannu, ta cinye tuwo malmala biyu, amma ko tari ta yi ba ya fita da sauti.

Mairo da kanta ta daka masa guzuri, ta ɗinke dutsen da ɓantarensa a cikin jakar fata. Ya durƙusa gaban Iya ta yafe masa, ya shafa kan Binta, ya ce wa Mairo ta yi haƙuri da shi, ya fita ta ƙofar baya. Kafin mako ya zagayo Baturen ya ɗauki sabon kuku, su kuma suka kwashe komatsansu suka koma Gama, gidan Hamisu yayan Mairo.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga Maiduguri, wata daga cikin Sudan, ya ce yana dafa wa direbobi abinci suna rage masa hanya. Daga nan shiru. Iya ta rasu da bazara. Damina ta zo ta wuce. Aka karɓi mulkin kai, gari ya ɗauki kiɗa da guɗa, 'yan makaranta na waƙa a titi, Binta na tsaye a zaure tana motsa leɓe. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, tana aiki kamar babba. Kullum da safe Mairo sai ta kira sunanta ta kasa kunne.

Wata goma sha uku da tafiyarsa, wani yammaci Mairo na tankaɗe a tsakar gida, sai ta ji daga bayanta, "Inna."

Rariya ta kuɓuce mata. Ta juyo ta cafke yarinyar, tana dariya tana kuka. "Sake faɗa! Binta, sake faɗa! Alhamdu lillahi, ya kai! Alhaji ya kai!"

"Ya kai, Inna. Na gan shi yanzu." Muryarta ce sak, 'yar siririya, sai dai ta dishe don rashin amfani. "Ya rame ƙwarai. Ya ajiye dutsen a ƙofar, ya gyara masa zama. Sai ya jingina da bango yana kallon ruwa."

"To yaushe zai taso? Ya faɗa?"

Binta ta dubi ƙasa. "Matar ta lulluɓe shi da mayafinta. Ta ce masunta za su zo su yi masa sutura, ita kuma za ta tsare shi, ba mai taɓa shi. Ta ce in gaya miki ki fara takaba daga yau."

Mairo ta zauna daɓas a cikin garin da ya zube. Can ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a faifai, ta jawo 'yarta ta kwantar da kunne a ƙirjinta.

"Yi ta magana, Binta," ta ce. "Faɗi ko mene ne. Kada ki yi shiru."