Koriyar Motar Orval

"Kwanta! Na ce ka kwanta, tsoho!"

Orval Tillery bai kwanta ba. Shekarunsa saba'in da takwas, gwiwoyinsa sun daɗe da daina lanƙwasuwa da sauri. Ya tsaya da tsumma a hannu, a tsakiyar garejinsa, yana duban mutum uku da suka rufe fuskokinsu. Ƙarfe tara saura ne na safiyar Asabar, rana ta fito tas.

"Makulli!" in ji mai bindigar.

"Ku ɗauki talabijin, yana cikin gida. Wannan ba za ku iya da ita ba."

"Ji tsoho da baki! Lalube shi."

Na biyun, wani ƙato mai warin giya, ya cusa hannu a aljihun rigar Orval ya zaro makulli, ya jefa wa na ukun. Shi wannan tun shigowarsu bai ce uffan ba. Ya buɗe ƙofar motar, ya zauna, ya taka totur sau biyu, ya ɗan dakata, sannan ya murɗa makulli. Inji ya tashi da ruri har gwangwanayen fenti suka yi rawa a kan kanta.

Tsumma ya faɗi daga hannun Orval. Mutum uku ne a duniya suka san yadda ake tayar da motar nan da safe. Shi, da ni, da jikansa.

"Cleon?"

Ƙaf! Mai bindigar ya sauke masa gindinta a gefen kai. Tsoho ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki siminti.

"Kai! Ba mu yi haka da kai ba!" in ji na cikin motar.

"Rufe mini baki ka ja mota!"

Ƙaton nan ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsan Orval, ya murɗe zoben aurensa ya zare. A kan tebur akwai burodi da ƙwai da tsoho bai gama ci ba. Ya ɗauka ya tura a baki, yana tauna yana tsallake shi.

Ni sunana Elbert, mai fentin mota ne, gidana yana kallon na Orval a garinmu Pontiac. Ina kicin ina shan kofi na ji ƙarar motar ta fita. Murmushi na yi, na ce tsohon nan ya kasa haƙurin jiran 'yarsa. Ban ko leƙa taga ba. Duk abin da ban gani da idona ba, a kotu na ji shi daga bakin waɗanda suka aikata.

Motar GTO ce, ƙirar 1967. Orval yana ɗan shekara ashirin yake ɗaura ƙofofi a masana'antar da ke ƙera su, a nan cikin gari. Ya ɗaura wa dubbai ƙofa kafin ya sayi tasa guda. A cikinta ya nemi auren Loretta. Da aka shiga tsadar mai a 1974, ga jaririya, ga mota mai shan fetur kamar rami, sai ya sayar. A lokacin kowa gudun irin waɗannan motoci yake, ana ta jibge su a bola. Daga baya masana'antar ta rufe, har sunan Pontiac ɗin da motocin ke ɗauke da shi ma aka daina ƙera mota da shi.

Bayan kusan shekara arba'in ya gano ta a wata gona a Ohio. Kaji na ƙwai a kujerar baya, ƙasanta ya ruɓe har kana hango ciyawa. Ya duba lambar jikinta, ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Shekara goma sha ɗaya yana tayar da ita, ƙusa bayan ƙusa. Loretta ta rasu a shekara ta bakwai, ba ta ga ƙarshen aikin ba. Ni na fesa mata koren fentinta na asali, shafi shida. Sai ga shi zamani ya juyo, abin da aka zubar jiya masu kuɗi na kokawa a kansa yau.

Cleon ɗan Wanda ne, 'yar Orval tilo. Shekararsa talatin da ɗaya, ya yi aiki wuri tara, babu inda ya cika shekara. Kakansa ne ya koya masa tuƙi da giyar hannu, a cikin wannan motar.

Ranar Laraba da la'asar suka ƙulla abin, a wani shagon soyayyar kaza. Dewey Stroud, shi ne mai bindigar, yana magana yana suɗe yatsu. Roscoe, ƙaton, yana ta aikin ƙashi.

"Asabar ce ranar fitar tsofaffin motoci a titin Woodward," in ji Dewey. "Dubbai, baba. Mu shige tsakiyarsu. Ɗan sanda ya zo ya tsince mu in ya isa."

"Kuma ba za a taɓa shi ba?" in ji Cleon.

"Wa zai taɓa tsoho? Tsorata shi kawai za mu yi. Motar kuma wani attajiri ne zai ajiye ta a ɗaki mai sanyi, ko ƙura ba za ta gani ba. Kakanka inshora ta biya shi. Kowa ya ci."

"Ni fa ba na son..."

"Ba ka so? To tashi. Mu da mun iya wannan shegiyar giyar hannun da ka gan mu a nan muna lallashinka?"

Roscoe ya yi gyatsa, ya jawo farantin Cleon. "In ba ka ci, miƙo."

Cleon bai tashi ba.

Ƙarfe tara da rabi Wanda ta iso, ta sa rigar da ta saya don ta zauna kusa da babanta a cikin jerin motoci. Ihunta ne ya fito da ni ba takalmi. Muka same shi kwance, jini na fita ta kunne, ido ɗaya a buɗe.

"Baba! Baba, ni ce! Elbert, kira su mana, me kake kallo!"

Sajan Odessa Pruitt ce ta zo bayan motar asibiti. Gajeriyar mace, ba ta da yawan magana. Ta dubi ƙofa, ba a fasa ba. Ta dubi ƙasa, babu alamar an tura mota ko an ja ta.

"Tuƙa ta aka yi. Wa ya iya tayar da ita?"

Wanda ta dube ni, na dube ta.

"Malam, da kai nake."

"Ni da shi," na ce. "Sai jikansa."

Wanda ta sharara mini mari. Ta ciro waya ta kira ɗanta sau huɗu, tana kuka tana cewa yana wurin aiki.

Sajan ta ɗaga rediyo ta ba da cigiyar motar. Muryar da ta amsa har da dariya. "Tsohuwar mota koriya a Woodward, yau? Sajan, ina kallon guda goma sha biyu yanzu haka!"

"To duba ta goma sha uku."

A Woodward kuwa tafiya ta zama rarrafe. Jama'a sun jera kujeru a bakin titi, ana gasa nama, yara na ɗaga hannu. Dewey ya cire abin fuskarsa, ya fito da gwiwar hannu ta taga yana washe baki kamar motar ubansa ce. Roscoe na baya, ya ɗora takalmansa masu taɓo a kan farar kujera.

"Sauke ƙafarka," in ji Cleon.

"In na ƙi fa?"

Danja ta tsayar da su. Wani dattijo mai sandar ƙarfe ya taso daga kujerarsa, ya leƙo.

"A'a, Cleon! Ina mai ita? Yau ya yarda ya ba ka?"

"Yana... yana tafe a baya."

"Orval ya bar motarsa ta riga shi fita? Su wane ne waɗannan?"

"Taka!" in ji Dewey, bakin bindiga a haƙarƙarin Cleon.

Ina hanya? Gaba mota, baya mota. Allurar zafi ta haura, tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet.

"Lagireto zai tafasa! Ba ta son tsayuwa!"

"Hau gefe!"

Cleon ya karya sitiyari—ya hau dakalin titi! Kujeru suka tarwatse, murhun gashi ya kife, wata mata ta fizge 'yarta da ƙyar. Tayoyi suka yi ƙara, suka faɗa wani lungu suka ɓace. Amma wayoyi sun fi ɗari da suka ɗauke su. Kafin minti goma dattijon nan yana gaban Sajan Pruitt, yana nuna mata hanya da sandarsa.

Dewey ya sa Cleon ya yi ta kwana-kwana har wani tsohon sito a bayan layin dogo. Suna shiga Roscoe ya ja ƙofa ya rufe. Cleon ya fito yana neman babbar motar da aka ce za ta ɗauke ta. Babu. Akori-kura ce guda, da sarƙar ɗaga inji, da tukwanen gas na yankan ƙarfe.

"Ina mai sayen?"

Dewey ya yi dariya. "Wane mahaukaci ne zai sayi motar da duk garin nan ya san ta? Inji yake so, da giya, da 'yar lambar jiki. Saura na 'yan gwangwan ne."

"Shekara goma sha ɗaya ya yi..."

"Yanzu ka tuna? Ɗazu da ka bar shi a ƙasa ba ka yi lissafin shekaru ba."

Roscoe ya kunna wuta. Harshenta ya taɓa fenti, koren ya kumbura ya yi baƙi, wari ya cika siton. Cleon ya yi kukan kura ya shaƙo wuyansa ta baya.

Tau!

Harsashin Dewey ya samu Cleon a ƙugu. Ya zube kusa da taya.

"Dama ka zama kaya," in ji Dewey. "Tsoho ya kira sunanka. Roscoe, ci gaba da aiki."

Awa huɗu yana kwance a wurin, ƙafafunsa ba sa motsi, yana kallo. Suka yanke rufin. Suka ɓalle ƙofofi suka jefar. Suka farke kujeru da wuƙa ko an ɓoye wani abu. Roscoe ya tsaya ya yi fitsari a cikin but ɗin motar, don ya ƙi fita waje. Cleon ya roƙi ruwa, babu wanda ya waiwaya.

Duk wannan lokaci Sajan Pruitt na bin lungu-lungu, shago-shago, tana neman wanda ya ji wucewar mota mai ƙara. Wajen ƙarfe uku wani mai gyaran taya ya nuna mata layin dogo.

Suna sauke inji a bayan akori-kura suka ji jiniya daga nesa.

"Ɗaure shi da sarƙa!" in ji Roscoe.

"Ba lokaci. Jeka buɗe ƙofa!"

Roscoe ya ruga ya ja ƙofa. Ya juyo zai shiga mota—Dewey ya taka wuta! Madubi ya make shi a fuska, ya faɗi zaune.

"Dewey! Ɗan iska! Dewey!"

Dewey bai yi nisa ba. Ya sha kwanar farko da gudu, sai ga motocin 'yan sanda biyu sun gitta a titi. Ya danna birki iya ƙarfinsa. Akori-kura ta tsaya. Injin bai tsaya ba. Ƙarfe mai nauyin mutum huɗu ya taho daga baya, ya fasa bangon gidan direba, ya haɗa shi da sitiyari.

Wani matashin ɗan sanda ya leƙa, ya koma gefe ya yi amai.

Roscoe kuwa da hannu sama suka same shi, hanci na jini. Tun kafin a sa masa ankwa ya fara zuba. "Ni ban taɓa kowa ba, ranki ya daɗe! Jikan ne ya kawo harkar, ga shi can a ciki!" Sajan ta lalube aljihunsa ta ciro zobe. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta sa aka tafi da shi.

Roscoe ya samu shekara ashirin da biyar. Cleon goma sha biyu, a keken guragu zai yi su, kuma a keken zai fito. Wanda ta sayar da gidanta ta koma na babanta don jinya. Har yau ba ta gaishe ni da kyau.

Orval ya farfaɗo bayan kwana tara, rabin jikinsa a mace, magana da ƙyar. Kullum ina zuwa, kullum ina fargabar kada ya tambaye ni motar. Bai taɓa tambaya ba. Sau ɗaya ya kama hannuna ya jawo ni kusa.

"Yaron nan... suna ba shi abinci?"

Na ce suna ba shi. Ya rasu a watan Nuwamba.

A maƙabarta, ba a gama rufe kabari ba, wani mutum sanye da kwat mai tsada ya matso kusa da Wanda. Ya yi ta'aziyya da murya mai laushi, sannan ya miƙa mata kati.

"Na ji 'yan sanda sun sako injin, ina son saye. Kada ki bari a wanke shi, don Allah. Da labarinsa ya fi daraja."

Wanda ta karɓi katin. Ta juyo ta dube ni, karo na farko cikin wata uku.

"Elbert, motarka ta janwe na aiki?"

Washegari muka kwashe komai, inji da ƙofofi da rufi, muka kai wurin masu matse ƙarfe. Mai wurin ya ga injin ya ce mu dakata, ko mun san abin da muke shirin zubarwa? Wanda ta ce ta sani. Ta tsaya da baƙar rigarta ta jiya har aka danna maɓalli, ba ta kau da kai ba sai da ƙarar ta tsaya.

"Kai ni gidan yari," ta ce. "Ba a gaya masa an binne kakansa ba."