Lambar Jarumtar Janar Ashcombe

Da safe, Sufeto Harbottle bai ko kurɓi shayinsa ba aka kira shi a waya: an ɗauke lambar jarumta daga akwatin gilashi a gidan Janar Ashcombe.

Duk yankin Devon an san Janar. Ya fara da ƙaramin hafsa a Sudan, ya yi Indiya, ya jagoranci runduna a ƙasar Bama, kuma har bayan ritaya gani yake ƙauyen nan barikinsa ne. Kafin Sufeto ya cire hula, Janar ya riga ya yanke hukunci.

"Gidley ne, mai yi mini aikin lambu. Tafi da shi. Yau zai bar mini gidana."

Gidley tsoho ne mai ɗingishi, ko lokacin yaƙi soja ba su ɗauke shi ba. Matarsa tana kwance ba lafiya, kuma in aka kore su ba su da wurin zuwa. Ya rantse yana gida jiya, sai da aka matsa ya yarda mashaya ya je, tsoron faɗan matar ya sa shi ƙarya. Harbottle ya ji tausayinsa ƙwarai.

Tagar ɗakin karatu, inda akwatin yake, a fashe take, amma ɓaraguzan gilashin duk a waje suke, cikin furanni. Ashe daga ciki aka fasa.

A kicin, Madam Dunnage mai kula da gida ta ce ita ta goge lambobin Janar jiya da yamma, ta jera su gwanin sha'awa, masu jan ƙyalle gefe guda, masu kore gefe guda.

Harbottle ya kai ta gaban akwatin. Ta riƙe baki.

"Wa ya hargitsa mini aiki?"

Janar ya leƙa, ya ce babu wani hargitsi, haka dokar soja ta ce a jera su, kowace bisa darajarta. Shi dai bai taɓa su ba.

Baƙo ɗaya ya kwana a gidan, Manjo Pellow, tsohon mataimakin Janar a Bama. Sufeto ya same shi a falo yana shan lofe.

"Ka shiga ɗakin karatu jiya, Manjo?"

"Ko ƙofarsa ban taɓa ba."

"Gidley ya san tsarin lambobin soja?"

"Gidley? Ko sara wa hafsa bai iya ba."

"To ɓarawon nan ya iya. Ya ɗauki abin da ya zo ɗauka, ya ga sauran a birkice, ransa bai ba shi ya tafi ya bar su haka ba. Ya tsaya ya gyara."

Manjo ya ajiye lofen. Sannan ya zaro lambar daga aljihun kwat ɗinsa. Ya ce shi ya tsallake kogi ana ruwan harsashi ya kwaso mutanensu, amma sunan Janar aka aika Landan, shi aka ba lambar. Jiya wurin cin abinci Janar ya sake ba da labarin, ko sunansa bai ambata ba.

Janar yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi ja. Kowa ya zaci tsawa zai yi.

"Gaskiya ya faɗa," in ji shi a hankali. "Sufeto, zan zo kotu in faɗi haka da bakina."

Wani kurtun ɗan sanda ya fita da Manjo zuwa mota, Manjo yana tafe ƙirji a gaba.

A ƙofar ɗan gidan da ke cikin lambu, Janar da Sufeto suka tarar da Gidley ya loda tukwane da barguna a baro. Janar bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Sai ya sunkuya ya rungumi tukwanen.

"Ina ake ajiye waɗannan, Mista Gidley?"