Farar Taguwar Raishatu

Da tsakar rana 'yan fashi suka faɗa wa rijiyar, can cikin kwarin Tarka — su uku, a kan ramammun raƙuma biyu. Gajere ne a gaba, tsohon soja da ya gudu da bindigar bariki. Bayansa Mato da Dodo, kowa da takobi.

"Kowa ya zauna inda yake!"

Aghali, makiyayin da ke jan guga, bai saki igiya ba. Tau! Harsashi ya fasa masa dantse.

Matarsa Raishatu ta rungume wuyan farar taguwarsu, raƙumar da suke tatsa. Bazara ce, babu ko zangarniya a rumbu, nonon taguwar nan 'ya'yan Raishatu huɗu suke sha.

"Ku kwashe sauran raƙuman," ta ce. "Ku bar mini wannan."

"Haƙuri, 'yar uwa," in ji Gajere yana murmushi. "Allah ya rubuta yau za ki rasa ta. Ni ɗan aike ne kawai."

"Hannu Allah ya ba ka. Kai ka zaɓi abin da ka yi da shi."

"Ka ji malama. Dodo, janye ta."

Ɗan taguwar yana ɗaure a gindin aduwa, yana kuka. Mato ya dube shi, ya dubi uwar. Shi cikin raƙuma ya girma, kuma shekara biyu ke nan yana shan marin Gajere, ɗan birnin da bai san halin dabba ba.

"Maigida, ɗan fa?"

"Zai rage mana gudu. Bar shi."

"To. Amma farar nan da kai ta dace. Babba kamarka a kan ramamme? Haba."

Gajere ya haye yana gyara rawani. Suka nausa arewa. Taguwa tana waiwaye, shi yana dukanta.

Da la'asar 'yan sintirin bariki suka iso rijiyar a kan raƙumansu. Babbansu, Attahir, ya ɗaure wa Aghali raunin, ya duba sawu.

"Sun bar ɗanta?"

"Ga shi can," in ji Raishatu. "Ba za ku bi su ba?"

Attahir ya sauke sirdi. "Ku ɗora shayi," ya ce wa mutanensa.

Can a daji Mato ya matso.

"Maigida, ka sassauta mata akala. Sai ta fi tafiya."

Gajere ya sassauta. Taguwa ta juya — ta zabura! Bindiga ta faɗi, rawani ya bi ta.

"Mato! Tare ta, ɗan banza!"

"Ba na ji, maigida, iska ta yi yawa."

Mato ya sauka, ya ɗauki bindigar, ya hure mata ƙasa. Dodo ya matso kusa da shi.

"Ina muka nufa... maigida?"

Shayi na biyu ake zubawa lokacin da taguwa ta iso, Gajere manne a tozonta, idonsa rufe. Ta durƙusa gaban ɗanta, shi kuwa ya mirgino gaban Attahir.

Mato da Dodo sun tafi da sauran raƙuman, bindiga ta sami sabon mai ita. Hannun Aghali kuwa bai sake jan guga ba.

Raishatu ta tatsi rabin ƙwarya, ta bi ta gaban Gajere, wanda aka ɗaure da igiya a ƙafa.

"'Yar uwa, ko kurɓa ɗaya. Maƙogwarona ya bushe."

"Nonon na yara ne," ta ce. "Awakinmu ma ba su sha ruwa ba tun safe. Ga guga can. In sun ƙoshi, ka sha."