Fuskar da Ke Ƙarƙashin Kaki

Tsofaffin gwangwanayen burodi ya zo nema, ba mata ba. Autar mai gidan burodin ce ta miƙo masa su, sai ta ga yatsunsa duk tabon ƙuna.

"Kai kuma wace wuta ke cin ka?"

"Kakin zuma nake narkawa, in zuba kala, in yi zane da shi tun da zafinsa."

Ta yi dariya. Daga ranar gwangwani bai ƙara isar Mai Kaki ba, kullum sai ya dawo neman wani.

Baba kuwa bai ga abin dariya ba. "Mutumin da rana za ta iya lashe masa sana'a? Ga mai kawo mana fulawa can da motarsa, yana ta zarya saboda ke." Wata biyar Auta tana lallashi kafin ya yarda manyan saurayin su zo ranar Asabar, shi ma da ƙyar.

Don murna Mai Kaki ya zana ta, ya aiko da allon da saƙo: "Zumata, ki rataye shi inda babu zafi."

Ta rataye shi a ɗakinta. Mai soyayya ba ya lissafi, ta manta bayan bangon nan tandar burodi ce.

Ranar Laraba ta tarar kakin ya zame, rabin fuskarta ya gangaro. A ƙarƙashi wasu idanu na kallon ta, idanun wata budurwa kyakkyawa. Ta fito da allon, mai fulawa yana sauke buhuna.

Ya leƙa, ya taɓe baki. "Ai haka masu zane suke. Allo ɗaya, mata goma."

Ta rubuta wa Mai Kaki tana kuka: "Kada manyanka su wahalar da kansu. Ka je wurin wadda ka ɓoye a bayana."

Sau tara ya kira, ba ta ɗauka ba. Bayan awa ɗaya sai ga shi a ƙofa yana haki. Baba ya tare hanya da allon a hannu.

"Wace ce wannan? Amsa ɗaya zan ji."

Mai Kaki ya zaro wani tsohon hoto da ya koɗe, ya miƙa.

"Mahaifiyata ce, Baba. Ina shekara huɗu ta rasu. Shekara uku ina zana ta daga hoton nan, idanun kaɗai na iya gamawa." Ya dubi allon. "Ba za ta ga matata ba. Shi ya sa na ɗora Auta a kanta, ko a allo ne su haɗu."

Baba ya dubi hoton, ya dubi idanun. Sannan ya matsa daga ƙofa.

Auta ta fito, kunya kamar ta nutse. "Ka yafe min."

"Kawo in gyara, Zumata."

Ta rungume allon. "Ba mai taɓa shi. Surukata ce, ka bar ta ta gan ni."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun ango mai tabon ƙunar nan, ya ce:

"Uwar da ta haife ka, Allah ya jiƙan ta. Ga 'yata nan na ba ka amana. Allah ya yi muku albarka."