Tsohuwa da Kilishin Ɗan Fari

Can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa da haƙoranta suka zube kaf. Ɗanta yana ji da ita, amma kun san ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa kuka.

Duk ranar kasuwa sai ya kawo mata kilishi. Ta ce, "Madalla," ta tsotsi yajin, ta miƙa wa jikoki. Ya ga tana ramewa, sai ya ƙaro kilishi. Ta ce, "Madalla." Ta rame har zani ya daina zama a ƙugunta, shi kuwa ya haɗo da aya.

Ran nan jiri ya kayar da ita a gindin randa. Ya rugo da ƙunshinsa, yana cewa, "Inna, daure ki ci."

Haushi ya fi ƙarfin kunya. Ta wangale baki ta ce, "Kai wannan, leƙa! Da me zan tauna, da gwiwa?"

Ya leƙa, ya sunkuyar da kai, ya je ya sa a dama kunun gyaɗa. Tsohuwa ta shanye ƙwarya guda, ta ce a ƙaro.