Almakashin Da Ke Rataye A Ƙusa

Amarya tana durƙushe gaban mijinta tana saka masa maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Tela ya ƙura wa hannunsa na dama ido, wanda aka ɗaure tun daga gwiwa har yatsu. Tun ranar da babur ya kayar da shi a hanyar shago, ko cokali ba ya iya riƙewa da shi. Likita ya ce ƙashin zai haɗe, amma zancen riƙe almakashi sai an daɗe.

"Shiru-shiru," in ji shi, don haka yake kiranta tun yana neman aurenta, "kin ga hannun da kike saka maɓallin nan da shi kuwa?"

Ta yi maza ta sauya hannu, ta sunkuyar da kai. Ya yi murmushi.

Amarya bahaguwa ce, kuma babu abin da take ɓoyewa a duniya kamar wannan. Tana ƙarama, gwaggon da ta riƙe ta takan buge mata hannu duk lokacin da ta miƙa hagu. Da aka sa ta koyon ɗinki kuwa, in ta riƙe almakashi da dama sai yankan ya karkace, in ta faki ido ta mayar hagu sai almakashin ya tauna yadin maimakon ya yanka. 'Yan ajinsu suka riƙa cewa yankanta kamar ɓera ya kwana a kai. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci: ita hannunta ba na yanka ba ne. Ta iya keken ɗinki, ta iya kalmasa, ɗinkinta a miƙe kamar an ja da zare, amma ba ta sake sa almakashi a yadin wani ba.

Tela ya gano ta tun farkon aurensu. Wata rana ya dawo da wani almakashi a naɗe cikin takarda, ya ce na bahagwai ne, an juya bakinsa. Ya yi ta yi mata bayani cewa laifin ba na hannunta ba ne, almakashin da kowa ke amfani da shi don masu dama aka ƙera shi. Ta yi godiya, ta ce ita dai a bar ta da kekenta. Ya roƙe ta, ya zolaye ta, ya yi fushin ƙarya, duk a banza. A ƙarshe ya buga ƙusa a bangon shago ya rataye shi, ya ce ranar da mai shi ta shirya ta ɗauka. Almakashin ya zauna a nan har takardarsa ta yi ja.

A safiyar nan, ba su gama karin kumallo ba suka ji sallama. Mama ce, mahaifiyar Tela, da Yaya, babbar yayarsa, wadda muryarta kan riga ta shiga ɗaki. Amarya ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo ruwa, ta koma kicin. Amma tsakanin kicin da falo labule ne kawai.

Yaya ce ta buɗe zancen. Ta ce shago ba ya tafiya ba mai yanka, telolin da aka nema duk aiki ya yi musu yawa, kwastomomi kuwa ba sa jiran ƙashi ya haɗe. Mijinta ya yarda ya karɓi shagon ya zuba kayan masarufi. Tela ya koma gidan Mama a yi jinyarsa, a saki ɗakin nan na haya, ita kuma Amarya ta je gidan iyayenta har Allah Ya kawo sauƙi.

"Yaya, hannuna ne ya karye, ba aurena ba," in ji Tela.

"Wa ya ce aurenka ya karye? To zama za ku yi kuna kallon juna? Yarinyar nan ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji ta, ita za ta riƙe maka shago?"

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta ƙin yarinyar, ladabi dai ba a fi ta ba, amma ladabi ba ya yanka riga. Gobe a je a mayar wa mutane yadinsu, kowa ya nemi wani tela.

Bayan sun tafi Tela ya same ta a kicin tana goge tukunyar da ta riga ta bushe, hawaye na zuba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce ko a ƙarƙashin bishiya za su kwana ba zai yarda a raba su ba. Ta san da gaske yake, ta kuma san ba zai iya yi wa Mama gardama har abada ba. Ta jira ya ambaci almakashin nan. Bai ambata ba. Wannan shirun nasa ya fi yi mata nauyi a kan duk roƙon da ya taɓa yi.

Washegari da hantsi suka buɗe shago. Mama ta zauna a benci bakin ƙofa, Yaya tana zagaye tana nuna inda za a kafa kantar kayan masarufi, Amarya kuma tana sauko da yadin mutane tana ninkewa. Suna cikin haka wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo da fara'arta, ta zo duba yunifom ɗin da za ta fara aiki da shi a sabon wuri. Da ta ga hannun Tela, ta ga farin yadinta ko alli ba a sa masa ba, sai fara'arta ta ɗauke. Ta yi masa sannu, ta ce ita ba ta san wani tela da ke fitar mata da kafaɗa kamarsa ba. Tela ya ba ta haƙuri, ya ce wa Amarya ta miƙa mata kayanta.

Amarya ta ɗauko yadin. Ta dubi mijinta, ta ga yadda ya kawar da kai don kada a ga idonsa. Ta dubi Yaya tana auna bango da taku. Yadin ya ƙi barin hannunta.

"A bar shi," ta ce. Muryar ta fito siririya, har sai da Mama ta ce, "Me kika ce, 'yar nan?"

"Na ce a bar shi, Mama. Zan yanka."

Yaya ta riƙe haɓa. Ta ce wa ma'aikaciyar ta karɓi yadinta tun yana yadi, kafin ya koma tsumman goge tebur. Matar ta dubi Tela. Ya ce in ya lalace shi zai sayo wani, ba ko gardama. Sai ta ajiye jakarta ta ɗaga hannuwa a auna ta.

Amarya ta ɗauki tef. Awo ba baƙonta ba ne, ta daɗe tana kallon mijinta yana yi ta wutsiyar ido, ta san inda yake sassautawa da inda yake matsewa. Ta shimfiɗa yadin a tebur, Tela ya danne mata gefe da lafiyayyen hannunsa, ta ja layi da alli. Sannan ta ɗauki babban almakashinsa da hannun dama kamar yadda ta saba yi a gaban mutane. Bakin almakashin ya yi ta kaɗawa a kan layin, zufa ta keto mata.

"Ba na faɗa ba?" in ji Yaya.

Amarya ta ajiye shi a hankali. Ta san abin da ya rage, ta kuma san Mama na kallonta. Ta ja kujera zuwa bango, ta taka, ta sauko da abin da ke rataye a ƙusa. Ta hure ƙurar, ta warware takardar. Ta zura yatsun hagunta a ciki, suka zauna daram kamar an auna su.

Ta ce bismillahi, ta sa bakinsa a yadin.

Almakashin ya shiga yana ƙaras-ƙaras, bai tauna ba, bai karkace ba. A karo na farko a rayuwarta tana ganin layin allin a fili gaban idonta, ba a ɓoye bayan ƙarfe ba. Ta bi wuya, ta zagaye hammata, ta gangara har ƙasa. Da ta gama ta ɗaga gaban rigar ta ɗora a kan bayanta, suka haɗu baki da baki, ko zare bai fita ba.

Sai a lokacin kunya ta dawo mata. Ta ɓoye hannun a cikin mayafi, ta durƙusa gaban Mama, ta ce a yi haƙuri, ita haka aka halicce ta.

"Haƙurin me?" in ji Mama. "Ke kina zaton ban sani ba? Tun satin da aka kawo ki na ga yadda kike tsinke zare, na ga gefen da wuƙar kicin ɗinki ta cinye. Gidan nan kaf mun sani. Ke kaɗai kike ta wahalar ɓoyewa." Ta kamo hannun daga cikin mayafin, ta juya shi ta duba. "Abinci dai da dama kike ci, na gani. Aiki kuwa ki yi da wanda Allah Ya ba ki."

Amarya ta ɗago kai ta dube ta. Duk tsawon lokacin nan tana gudun idon Mama, ashe idon ya daɗe da gani, bai kuma damu ba.

Yaya ta matso ta ɗaga yankan ta duba ta ciki da ta waje, tana neman inda za ta kama. Da ta rasa sai ta ce to, yanka dai an yi, saura a ga ɗinki. Tela ya ce ɗinki kuwa ai nan ne shi kansa yake zuwa koyo. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce jibi za ta dawo.

Da ta dawo rigar ta zauna mata cas. Ta tsaya gaban madubi tana juyawa, ta ce kafaɗar nan ta fi ta da, Tela ya ce a gabansa ake cin amanarsa. Kafin sati ya zagayo ta turo abokan aikinta. Mama ta ce wa Yaya mijinta ya nemi wani wuri ya kafa kantarsa, zancen komawa gida kuma ba a sake tayar da shi ba. Ba a daɗe ba sai ga Yaya da kanta da yadi a leda, tana cewa ita ba don komai ba, hanya ce ta biyo da ita, amma a kula da wuyan.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Akwai ranar da Amarya ta ɓata hannun wata riga ta zauna tana kuka, Tela ya nuna mata yadda ake fitar da wani daga ragowar yadi, ya ce shi ma ya ɓata fiye da haka. Ta share hawaye ta sake ɗaukar almakashin.

Lokacin da aka kwance masa hannu, ya dawo teburin yanka ya tarar an rage masa rabi. Ita ta tsaya ta hagu, shi ta dama, gwiwar hannunsu ba ta karo da juna.

"Shiru-shiru," in ji shi, "yanzu wane ne yaron shago a cikinmu?"

"Wanda ya daɗe bai zo aiki ba," ta ce, ba ta ɗago kai ba, amma murmushi ya tona ta.

Ƙusar nan tana nan a bango, ba komai a kanta. Amarya ta hana a cire. Takan ce duk lokacin da zuciyarta ta raɗa mata cewa ba za ta iya wani abu ba, sai ta ɗaga kai ta dube ta, ta tuna cewa babu wanda ya hana ta yanka, ba miji ba, ba suruka ba, ita ta hana kanta. Mutum kan daɗe yana tsoron abin da ba kowa ya sa masa ba sai shi, kuma in Allah Ya haɗa shi da mai haƙurin jiransa, to ya gode, ya miƙa hannu ya ɗauki abinsa.